Ƙarfin Dokin Injin Mota: A Ina Aka Auna, Kuma da Wane Ma'auni?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi bayani a kan wani lissafi da ya zama ruwan dare a bakin dillalan mota da masu saye, wato adadin ƙarfin doki da ake jingina wa injin mota, wanda makanikai ke kira hospawa. Motocin da muke hawa ta Legas ko ta Kwatano suke shigo mana, wasu daga Amurka, wasu daga Turai, wasu daga Japan, kuma kowace da irin harufan da ke biye da lambar ƙarfinta. Wata a ga an rubuta hp, wata bhp, wata PS, wata kW, a takardun Nijar kuma CV. Mai saye sai ya ɗauki lambobin nan ya jera su, wadda ta fi girma ya ce ita ce ta fi ƙarfi, ya ƙara kuɗi a kan haka. Gardamar da ta fi yawa ita ce ta bambancin hp da bhp. Na ji masu cewa bhp ƙarfin birkin mota ne, na kuma ji masu cewa wani ma'auni ne dabam da ya fi hp girma. Duka maganganun biyu ba daidai ba ne, kuma tunda dukiyar jama'a ce ke tafiya a kan wannan ruɗani, ya kamata a warware shi.

Asalin ma'aunin daga James Watt ne, injiniyan ƙasar Sikotland da ya rayu tsakanin 1736 da 1819. Shi da abokin kasuwancinsa Matthew Boulton suna ƙera injinan tururi a Birmingham, masu saye kuwa mutane ne da suka saba da dawaki wajen juya injin niƙa da jawo ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai. Tambayar da irin waɗannan mutane za su yi a fili take: dawaki nawa wannan inji zai maye gurbinsu? A farkon shekarun 1780 Watt ya tsayar da amsa, ya ce ƙarfin doki ɗaya shi ne iya ɗaga nauyin laba 33,000 zuwa tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A ma'aunin da muka fi sabawa da shi, kusan daidai yake da ɗaga kilo 76 zuwa tsayin mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, ko kuma wat 745.7 a lissafin masu lantarki. Dokin gaske yana iya ninka wannan sau da yawa idan ya yunƙura na ɗan lokaci, amma Watt aikin yini guda yake dubawa, ba zabura ba. Abin lura a nan shi ne hp, wato ƙarfin dokin nan na Watt, ma'auni ne kawai, kamar yadda kilo da mita suke ma'aunai. Yana faɗin yawan aikin da ake yi cikin ƙayyadadden lokaci, amma bai faɗi a wane sashe na mota aka auna wannan aiki ba, kuma a nan ne duk rikicin yake.

Ƙarfin mota ana iya auna shi a wurare uku. Na farko shi ne cikin silinda, inda man fetur ke ƙonewa ya tura fistin ƙasa. Wannan shi ne ƙarfi mafi girma, kuma lissafa shi ake yi daga matsin iskar da ke cikin silindar. Sai dai ba dukkansa ne ke fitowa waje ba, domin injin kansa yana cin rabonsa: gogayyar fistin da ringi a jikin silinda, juyawar karanshaf a kan mazauninsa, buɗewa da rufewar bawul, da famfon baƙin mai, duk ƙarfi suke ci. Abin da ya rage ya fito a ƙarshen karanshaf, wurin filawil, kafin ya shiga kuloc da giyabos, shi ne wuri na biyu, kuma shi ake kira bhp. Wuri na uku shi ne tayoyi, inda mota ke haɗuwa da kwalta, bayan ƙarfin ya bi ta giyabos da farfela da aksil, kowannensu ya rage masa wani abu.

Harafin b da ke farkon bhp birki yake nufi, wannan gaskiya ne, amma ba birkin da direba ke takawa ba. Birkin awo ne. A shekarar 1821 wani injiniyan Faransa mai suna Gaspard de Prony ya ƙirƙiro hanya mai sauƙi ta auna abin da inji ke fitarwa. Ana ɗaure katakai biyu su rungume wata ganga da ke juyawa tare da sandar injin, a haɗa su da wani dogon hannu, ƙarshen hannun kuma ya danne sikeli. Idan aka ƙara matse katakan, injin zai yi ƙoƙarin juya su tare da shi, hannun ya danna sikelin, a karanta nauyin. Da wannan nauyi da tsawon hannun ake samun ƙarfin murɗawar injin, idan kuma aka ninka shi da yawan juyin da yake yi a minti ɗaya, ƙarfin doki ya fito. Daga baya, a 1877, William Froude na Ingila ya ƙera irin wannan na'ura mai amfani da ruwa a madadin katako, yau kuma akwai masu amfani da maganaɗisu da lantarki, amma hikimar ba ta sauya ba: a riƙe injin da gangan, a auna ƙarfin da ya yi amfani da shi wajen ƙin tsayawa. Saboda haka mota mai bhp 150 ba ta faɗa maka komai a kan ingancin birkinta ba, kuma duk dillalin da ya sayar maka da ita a kan wannan hujja, ko dai bai sani ba ko kuma ya sani ya ɓoye.

To, mene ne bambancin hp da bhp a takardun mota? A mafi yawan lokuta babu wani bambanci na a-zo-a-gani. Kamfanonin da ke sayar da mota a Amurka suna rubuta hp, mujallun mota na Ingila suna rubuta bhp, amma dukkansu ƙarfin da aka auna a filawil suke nufi, kuma da ma'aunin Watt ɗin nan guda. Wanda ya rubuta bhp ya ƙara maka bayani ne kawai, ya gaya maka inda aka auna. Wanda ya rubuta hp ya bar ka ka fahimta da kanka. Inda bambancin gaske yake shi ne tsakanin wannan lamba da ƙarfin da ke isa ga taya. Shi wannan ana auna shi ne ta hanyar ɗora motar gaba ɗaya a kan wasu manyan ganguna masu juyawa, a sa giya, a taka totur. Masu wannan aiki kan kiyasta asarar da ake yi a hanya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, gwargwadon ƙirar motar. Mai jan gaba da giyar hannu ita ce ta fi ƙarancin asara, tsohuwar otomatik ta fi ta, mai jan ƙafa huɗu kuwa ta fi su duka, saboda ƙarfin yana bi ta ƙarafa masu yawa kafin ya kai ƙasa. Injin da aka rubuta masa 130 zai iya kai wa tayoyi abin da bai wuce 110 da kaɗan ba, kuma ba lalacewa ba ce, haka ƙirar take. Kamfanoni sun fi son faɗin lambar filawil, domin ta fi girma, kuma domin inji ɗaya ana iya saka shi a motoci iri-iri masu giyabos dabam-dabam.

Ko a filawil ɗin ma, yadda aka shirya injin kafin awo yana sauya sakamako sosai, kuma tarihin Amurka ya ishe mu misali. Kafin 1972 kamfanonin can suna auna inji tsurarsa a kan benci, babu matatar iska, babu salansar da za ta riƙe hayaƙi, babu altaneto, an kuma daidaita wuta da mai yadda zai ba da lamba mafi girma. Wannan inji ne da ba wanda zai taɓa tuƙa shi a haka. Daga motocin 1972 aka koma auna inji sanye da duk kayan da yake aiki da su a cikin mota. Babban injin Cadillac Eldorado mai lita 8.2 an tallata shi da ƙarfin doki 365 a 1971 bisa tsohon tsari, amma bisa sabon tsari 235 aka samu. Dawaki 130 sun ɓace a takarda ba tare da an taɓa ko noti ɗaya a jikin injin ba.

Kada a ɗauka wannan tsohon labari ne da bai shafe mu ba. A tsakiyar shekarun 2000 ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka, SAE, ta sake tsaurara ƙa'idar awon, ta toshe ƙofofin da ake bi wajen zaɓen irin man da za a zuba da kayan da za a cire lokacin gwaji. Sakamakon haka Toyota Camry mai silinda shida da lita 3.0 ta sauko daga 210 zuwa 190 a motocin 2006, mai silinda huɗu da lita 2.4 ta sauko daga 160 zuwa 154, Corolla mai lita 1.8 kuma daga 130 zuwa 126. Waɗannan motoci ne da suka cika titunan Kano da Kaduna da Sakkwato. Wanda ya duba intanet ya ga ta 2004 ta fi ta 2006 lamba, ya yanke hukuncin cewa tsohuwar ta fi ƙarfi, ya yi kuskure, domin injin bai sauya ba, hanyar awo ce ta sauya.

Motocin Turai da na Japan kuma suna zuwa da nasu dokin. Jamusawa suna rubuta PS, kuma sun gina shi a kan ɗaga kilo 75 zuwa mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, wato wat 735.5, ƙasa kaɗan da na Watt. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san cewa kwanon awo suna ɗaya gare shi amma cikinsa ba ɗaya ba ne, kuma haka dokin Jamus da na Ingila suke. Bambancin bai kai kashi biyu cikin ɗari ba, amma ya isa ya haddasa gardama. Volkswagen Golf 3 mai lita 1.8, wadda direbobin haya suka sani sarai, tana da injin da ake rubuta wa PS 90. Wannan inji guda a lissafin Ingila bhp 89 ne idan aka cike lambar, a kilowat kuma, wato kW, 66 ne. Mutum uku za su iya tsayawa a kan mota ɗaya, kowa da takarda a hannu, wannan ya ce 90, wannan 89, wancan 66, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A Tarayyar Turai kilowat ne ma'aunin hukuma, shi ya sa shi ake gani a takardun rajistar motocin da muke kira 'yan Beljiyam. Mai son mayar da kilowat zuwa hp ya ninka shi da 1.34, mai son PS kuma da 1.36.

A Japan ma an taɓa yin wani lokaci mai tsawo, daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2004, da kamfanonin ƙasar suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa ba za su tallata motar cikin gida da abin da ya wuce PS 280 ba, alhali wasu injinan sun zarce haka. Ke nan lambar takarda tana iya zama sama da gaskiya, tana kuma iya zama ƙasa da ita.

Ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai akwai wani ƙarin ruɗani, wato CV da ke cikin takardar mota. Wannan dokin haraji ne, tsari ne da aka gada daga Faransa domin sanin abin da mai mota zai biya, kuma lissafa shi ake yi a ofis, ba a auna shi a jikin inji. Citroën 2CV da ta fito a 1948 sunanta ma daga dokin haraji biyu ya samo asali, amma ƙaramin injinta doki tara yake bayarwa. Peugeot 504 mai lita 2.0, irin wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, CV 11 ce a lissafin harajin Faransa, alhali ƙarfinta na zahiri ya haura doki 90. Ingila ita ma ta taɓa yin irin wannan tsari tun daga 1910, inda faɗin silinda da yawansu kaɗai ake dubawa. Saboda haka mutumin Katsina da ya tsallaka Nijar neman mota ya ga an rubuta CV 9 ko 10, kada ya kwatanta da 130 da ya gani a takardar Amurka.

Abin da ya fi damuna, ya Edita, shi ne ko an fahimci duk waɗannan harufa, lambar da kamfani ya rubuta ta sabon inji ce, a ɗakin gwaji, cikin yanayin da aka ƙayyade. Ƙa'idar Amurka tana ɗaukar zafin iska a digiri 25, da matsin iska kusan irin na bakin teku. Inji kuwa iska yake shaƙa, kuma iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da kaurin da za ta ƙona mai da yawa. Injin da ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300. Jos tana kan tsayin mita 1,200 ko kusa da haka, wato motar da ta taso daga Legas ta bar fiye da kashi goma na ƙarfinta kafin ta shiga gari, a tsaunin Mambila kuma abin ya fi haka. A Maiduguri ko Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga na'urar sanyaya mota tana jan nata rabon daga fanbel, ba a maganar samun lambar takarda. Sannan a ƙara da shekaru. Motar da ta yi shekara ashirin tana aiki, ringi ya ci, bawul ba ya rufewa da kyau, fulogi ya gaji, nozul ya toshe, matatar iska ta cika da ƙurar hunturu, ba ta da ƙarfin da ta fito da shi daga masana'anta. Dillalin da ke karanta wa mai saye lambar sabuwar mota a gaban wadda ta yi tafiyar kilomita dubu ɗari uku, labarin wata mota dabam yake ba shi. A ganina gwada matsin silinda a garejin makanike amintacce ya fi wa mai sayen tsohuwar mota amfani nesa ba kusa ba.

Akwai kuma batun juyin inji, wanda ba kasafai ake ambatonsa ba. Lambar da ake tallatawa ita ce ƙololuwar ƙarfi, kuma a wani juyi guda ake samunta. Corollar da na ambata sai injinta ya kai juyi 6,000 a minti yake ba da doki 130 ɗin, direban da ke cikin gari kuwa da wuya allurarsa ta wuce 3,000. Ƙarfin doki ba komai ba ne illa ƙarfin murɗawa da aka ninka da yawan juyi. Injin da ke murɗawa da ƙarfin Nm 200 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa) a juyi 3,000 yana ba da kusan doki 84, idan kuma ya riƙe wannan murɗawa har juyi 6,000 sai ya ba da kusan 168. Wannan ne dalilin da ya sa motar dizal mai ƙaramar lambar doki take tashi da lodin buhuna a kan gangare, alhali ƙaramar motar fetur da ta fi ta lamba sai ta yi ta kuka kafin ta motsa, domin dizal yana ba da murɗawa mai yawa tun injin yana juyi a hankali. Mai neman motar dako ko ta shiga ƙauye ya tambayi ƙarfin murɗawa da juyin da ake samunsa, ya kuma duba nauyin motar, domin doki 150 a jikin mota mai tan ɗaya da kwata ba ɗaya ba ne da doki 150 a jikin jif mai tan biyu.

Ina da roƙo ga jaridarku da sauran kafafen labarai na Hausa. Duk lokacin da za a buga bayani ko talla a kan mota, a rubuta harufan da ke biye da lambar kamar yadda suke a takardar asali, kada a mayar da PS da kW da CV duk su koma ƙarfin doki kawai, kuma idan da hali a haɗa da kilowat, tunda shi ma'auni ɗaya ne a ko'ina cikin duniya. Ƙungiyoyin dillalan mota su ma suna da rawar takawa wajen wayar da kan 'ya'yansu, domin yawancinsu ba da nufin cuta suke faɗin waɗannan lambobi ba, haka suka ji ana faɗa. Malaman kwalejojin fasaha da iyayen gida a gareji kuma su koya wa yaransu wuraren awon nan uku tun da wuri, domin yaron da ya san ƙarfi yana zurarewa tsakanin silinda da taya zai fi saurin gane ko inji ne ya yi rauni, ko kuloc ne ke zamewa, ko kuwa birki ne ke riƙe taya.

Ga wanda zai sayi motar da ta zo daga Turai kuma takardar rajistarta ta asali na nan, akwai hanya mai sauƙi ta kauce wa gardama. Ƙasashen Tarayyar Turai suna amfani da lambobin layi iri ɗaya a wannan takarda, ko da wane harshe aka rubuta ta. Layin P.1 shi ne girman injin, layin P.2 kuma ƙarfinsa a kilowat, wanda aka auna a filawil da kayan aikinsa a jiki. Mai saye ya nemi a nuna masa wannan layi, ya ninka abin da ya gani da 1.34, sannan ya kwatanta da abin da dillali ya faɗa masa.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam.

Naku mai karatu,
Wani malamin koyar da gyaran injin mota,
Kaduna.